Uwar Kwantena da Miyar Kuɓewa

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka buɗe gwangwanin madara a tsakar gidanmu na Alibandeng ba. Har yau in na hango kuɓewa a kasuwa sai in ji fuskata ta ɗauki zafi. Bari in faro muku daga tushe, don in na fara daga tsakiya ba wanda zai tausaya mini (ko daga tushen ma ban cika sa rai ba).

Mu da aka haifa a Libreville muna da wata matsala. Hausa a bakinmu ba laifi, amma a miƙo mana biro a ce mu rubuta layi biyu, sai Faransanci ya riga mu fitowa. Abin ya daɗe yana ci wa yayana Nuhu tuwo a ƙwarya. Shi ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa ta Owendo, mutum mai son tsari, wanda ko takalmansa a jere suke kwana. Wata rana ya buɗe mana gurup a waya, ya ce za mu riƙa rubuta labari tare da Hausa zalla, labarin jarumai masu baiwa ta ban mamaki da mugayen da ke neman cinye birni. Mu goma sha ɗaya ne, kowa da mutuminsa a cikin labarin, babi ɗaya kowane mako.

Yaya ya kafa dokoki uku. Ba ka kashe mutumin wani. Ba ka sa magana a bakin mutumin wani ko ka yanke masa abin da zai yi, don haka in naka da nasa suka haɗu a wuri ɗaya, sai ku riƙa rubutu bi da bi, ka rubuta ya amsa, har ku rabu. Ta uku ita ce ta gwangwani. Kowa zai rubuta ainihin dalilin mutuminsa a takarda, abin da yake nema a duniya, ya naɗe ya ba ƙawata Rakiya, ita kuma ta jefa a gwangwanin madara ta liƙe. Ranar da labari ya ƙare za a taru a ci abinci, a yi hasashen dalilin kowa daga abin da ya aikata, sannan a buɗe a ga wa ya canka.

Ku riƙe doka ta biyu a ranku, ita ta kai ni ta baro.

Ni a farmasi nake aiki a Lalala. Muryata ba ta wuce kantar shagon, kuma in tsaka ta faɗo daga rufi sai an yi ta ba ni baki. To ni ɗin nan ce na ɗauki muguwa. Na sa mata suna Uwar Kwantena: baƙin gilashi, jan lulluɓi, tarin makullai a ƙugu, 'yan daba arba'in a bayanta, ba kwantenar da ke shiga ko fita daga tasha ba da saninta ba. Dalilinta kuwa na rubuta shi da kyakkyawan rubutu: "Ramuwa. An kori mahaifinta daga tasha bisa zalunci, ta rantse sai ta mallake ta." Na miƙa wa Rakiya ina jin kaina wata babbar marubuciya.

Sai kuma Isuhu. Abokin Yaya ne, mutumin Maraɗi, direban taksi. Jaruminsa sunansa Ratsa-Bango, wanda ba bango ko ƙofa ko ƙarfen da ke tsare shi, ta ciki yake wucewa. Sana'ar jarumin kuwa tuƙin taksi (kun ji zurfin ƙirƙira). Isuhu ba ya dogon rubutu. Layi biyu ne ko uku, yana turowa in ya tsaya jiran fasinja.

To bari in faɗi abin da shekara biyu ban faɗa wa kowa ba, har Rakiya. Ina son Isuhu. In ya zo wajen Yaya ya ce mini "Sannu da aiki, ƙanwarmu," sai in amsa da fara'a, in shige ɗaki in yi ta jin haushin wannan "ƙanwarmu" har yamma. A gidanmu abokin yaya yaya ne. Ka gaishe shi, ka kawo ruwa, ka ɓace. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne a gane, musamman Yaya Nuhu. Na gwammace a ce na yi sata.

Mu mugaye mu huɗu ne, kuma muna da namu gurup na sirri da jarumai ba sa gani, mai suna Majalisar Ƙarƙashin Ƙasa. Shugaba shi ne mutumin Yaya, Sarkin Kwalbati, wanda yaransa ke yawo ta magudanan ruwa na birni. Yaya ya tsara makirci mai kyau, ba na hana shi haƙƙinsa. Za a toshe duk kwalbatocin Libreville ranar babban ruwan sama, birni ya cika, mahukunta su miƙa wuya. Mutum ɗaya ne zai iya ɓata shirin, wato mai ratsa bango. Tunda ba a kisa, aikina shi ne in kama shi, in sa shi a kwantena, in ɗora a jirgin dakon katako mai tafiya ƙasa mai nisa. An yarda cewa wanda aka yi wa haka zai yi babi goma ba ya cikin labari.

Kamun farko ya tafi yadda ake so. Uwar Kwantena ta yi shigar tsohuwa mai kaya, ta tare taksinsa, ta ce Owendo za ta. Yana isa 'yan daba suka rufe shi. Na sa aka jefa shi a kwantena aka garƙame da kwaɗo uku. Majalisa ta yi ta tafi. Yaya har saƙon murya ya turo: "Wannan ita ce ƙanwata!"

Daga nan doka ta biyu ta fara aiki. Mutumina da nasa suna wuri ɗaya, dole mu yi bi da bi. Na zauna na rubuta wa Uwar Kwantena jawabi shafi guda, mai cike da barazana da tarihin zalunci. Na tura. Bayan rabin awa amsa ta zo:

"Ratsa-Bango ya dube ta ya ce, Hajiya, kin gama? Ni dai yunwa nika ji."

Na tuntsire da dariya a bayan kanta har wata mata da ta zo sayen maganin tari ta tambaye ni ko lafiya. Mutumin da shekara biyu bai wuce gaisuwa da ni ba, ga shi yana amsa mini magana. Sai Uwar Kwantena ta tafa hannu ta ce a kawo wa fursuna abinci. Na ce a raina ai ko mugu ma yana da mutunci.

Mako ya zagayo, Yaya ya ce jirgi ya shirya. A nan na yi lissafin da bai kamata in yi ba. Babi goma mako goma ke nan. Mako goma wayata ba za ta yi ƙara da layi biyun nan ba. Na rubuta cewa injin jirgin ya lalace. Mako na gaba aka gyara inji, sai takardun kwantena suka ɓace. Na uku mai gadi ya yi gyangyaɗi, fursuna ya tsere.

Na sake kama shi, ba shakka. Sau biyar na kama bawan Allahn nan. Kowane karo sai wani abu ya faru: ƙugiyar ɗaga kaya ta maƙale, kyaftin ya kamu da zazzaɓi, teku ta yi fushi. A Majalisa kuwa Yaya ya fara ƙosawa.

"Ke, wace irin muguwa ce ke? A tashar nan nake aiki, ban taɓa ganin jirgin da ya kasa tashi sau huɗu a wata biyu ba!"

"Dabara ce, Yaya," in ji ni. "A hankali take karya masa zuciya."

Ni kaina na yarda da ƙaryar. Ina ganin ba wanda ya kai ni iya ɓoye abu. Na ɗauka tunda baƙin gilashi da jan lulluɓi ke magana, ba wanda zai hango ni a baya.

Ƙarshen labari kun riga kun sani. Ranar babban ruwa Ratsa-Bango yana gari, cikinsa a ƙoshe. Ya ratsa ta ƙarƙashin titi ya buɗe kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya, jarumai suka yi nasara, Sarkin Kwalbati ya gudu ta bututu ba hula. Yaya ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa sosai.

Aka sa ranar gwangwani, Lahadi bayan azahar. Mama ta ba mu tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, ni aka ɗora wa girki. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, wadda Yaya ya fi so, ko zai huce. Sannan na ɗora wata 'yar ƙaramar tukunya a gefe.

Dole in yi bayanin tukunyar nan. Da wata Sallah Isuhu ya ci abinci a gidanmu, ina leƙe ta tagar kicin na ga yana gutsurar tuwo daga gefen da miya ba ta taɓa ba. Ba wanda ya lura. Ni na lura. Don haka a wannan Lahadin na yi masa miyar gyaɗa, na zuba a kwano, na ajiye a gabansa ina kallon wani wuri kamar kuskure ne. Na koma kusa da Rakiya na zauna ina jin na yi wayo.

Aka fara hasashe, ana ci ana dariya. Baki ya zo ɗaya a kan mutum uku, aka yi ta gardama a kan biyu. Sai Rakiya ta ce, "Saura Uwar Kwantena."

Yaya ya miƙe. A hannunsa akwai dosiye, wato fayil irin na ofis, wallahi dosiye na gaske, ya buga duk babukan a takarda ya ja layi da jan biro. Ya gyara murya.

"Jama'a, ni ba hasashe zan yi ba, ƙara na kawo. Matar nan maciya amana ce. 'Yar leƙen asirin jarumai ce da aka dasa a cikinmu tun farko."

Ba ku ji sanyin da ya ratsa ni ba. Maciya amana! Ai wannan kyauta ce. Ya ce maciya amana, ya ce mayya ma in ya ga dama. Da na yi shiru na sunkuyar da kai, da an yi dariya an wuce. Amma daɗi ya kwashe ni. Na gyara zama, na ɗaga haɓa irin na Uwar Kwantena, na ce da ƙarfi:

"Zargi ba hujja ba ne, Sarkin Kwalbati. In kana da hujja, karanto."

Da bakina na faɗa. Ba wanda ya sa ni.

"Bon," in ji Yaya, ya buɗe dosiye. "Babi na tara, an sa fanka a cikin kwantena. Fanka! Da tabarmar salla sabuwa." Aka yi dariya, ni ma na yi. "Babi na sha huɗu, ɗan daba ya ture fursuna, ta kore shi daga aiki a take. Babi na sha tara, maimakon ta tambaye shi inda jarumai ke taro, me ta tambaye shi? 'Wa ke jiranka a gida?' Wannan wace irin tuhuma ce?"

Dariyar ta fara canja launi. Na ga Rakiya ta daina tauna, ta juyo tana kallona ta gefen ido. Yaya kuwa bai lura ba, ya yi nisa, shi dai cin amana yake bi.

"Ga babbar hujja. Babi na ashirin da uku." Ya ɗaga takarda ya karanta da muryar mata: "'Uwar Kwantena ta daka wa mai girki tsawa, ta ce sau nawa zan faɗa muku kada a sa kuɓewa, ba ya ci!'" Ya sauke takarda yana murmushin nasara. "Na bi rubutun Isuhu layi-layi, daga babin farko zuwa na ƙarshe. Babu inda Ratsa-Bango ya taɓa cewa ba ya cin kuɓewa. Kuma doka ta hana ta yanke masa. To daga ina ta sani, in ba ganawa suke a ɓoye ba?"

Daidai lokacin Mama ta fito da butar ruwa. Ita ba ta san jarumi ba, ba ta san kwalbati ba, kalma ɗaya kawai ta tsinta.

"Wane ne ba ya cin kuɓewa?" Ta tsaya. "Af, shi ya sa aka karɓi ƙaramar tukunyata?"

Ban taɓa ganin mutane sun kalli kwanuka da natsuwa irin ta ranar ba. Idanu suka bi tabarma a hankali. Kore, kore, kore, har goma. Sai na sha ɗaya, ja-ja mai maiƙo, a gaban Isuhu, wanda lomarsa ta tsaya tsakanin kwano da baki.

Yaya ya dubi takardarsa. Ya dubi kwanon. Ya dube ni. Ya sake duban takardar. Na ga lokacin da abin ya sauka a kansa, kamar an ɗora masa buhu.

"Au," in ji shi. Ya zauna.

Ni kuma, maimakon in mutu cikin mutunci, sai na buɗe baki. "Ragowar jiya ce."

"Wace jiya?" in ji Mama. "Ba da safen nan kika je da kanki kika niƙo gyaɗar ba? Har kina cewa ta farko ba ta soyu ba."

Tsakar gida ta fashe da dariya. Wani ya ƙware, aka yi ta bubbuga masa baya. Na ja mayafina na rufe fuska gaba ɗaya, na ji hawaye sun cika mini ido. Kunya ce zalla, irin wadda ke sa kunne ya toshe. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ban san da wace fuska Isuhu yake kallon abin ba. Na ce shi ke nan, gobe zai fita daga gurup, ya daina zuwa gidanmu, ko "ƙanwarmu" ɗin ma na rasa.

Allah ya saka wa Rakiya da alheri. Ta ƙwanƙwasa gwangwani da cokali har aka yi shiru.

"Ku tsaya, ni ma ina da tambaya. Malam Isuhu, mece ce baiwar jaruminka?"

Sai na ji muryarsa can ƙasa: "Ratsa bango."

"Da ƙarfe?"

"Da ƙarhe."

"To na ƙirga. Babi goma sha uku ya yi a cikin kwantena. Kwantenar da ba abin da ke tsare ta sai kwaɗo uku. Mutumin da ya ratsa ginin banki a babi na biyu don ya ceto kyanwa. Kullum sai ya jira mai gadi ya yi barci, ko Uwar Kwantena ta manta makulli. Me ya zaunar da shi?"

Wallahi tallahi, wata shida ina rubuta labarin nan, tunanin bai taɓa zuwa mini ba. Ina ta alfahari da kwaɗona uku. Na ɗan ɗaga gefen mayafi na leƙa. Isuhu ya ajiye loma, yana goge hannu da tsumma a hankali kamar zai cire fatar, kansa a ƙasa.

"To," in ji shi. "Abincin da daɗi shike." Sannan ya ƙara, bai ɗago ba: "Kuma mai wurin ba ta ce in tahi ba."

Ihun da aka yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Ni dai ina cikin mayafi, hawayen ba su bushe ba, amma bakina ya ƙi rufuwa. Mama ta ajiye buta ta ce, "Ikon Allah," ta koma ciki da saurin da na san waya za ta ɗauka.

Duk da haka sai da aka buɗe gwangwani, don Yaya ya ce doka doka ce. Rakiya ta karanta tawa da murya mai nauyi: "Ramuwa." Ba a bar ta ta kai ƙarshe ba. Ta Isuhu kuwa cewa ta yi, "Kare talakawa." Yaya ya rufe dosiyensa ya ce, "Maƙaryata biyu."

Kwana uku bai yi mini magana ba. Na rame a tsaye. Ranar Alhamis ina shirin fita aiki ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaura agogo, bai kalle ni ba.

"Isuhu ya same ni. Ya ce manyansa za su zo." Ya gyara hula. "Na ce masa su zo. Amma maganar kwalbati ban yafe muku ba, ku duka biyun."

Shekararmu uku ke nan da aure. Gurup yana nan, an shiga labari na huɗu, kuma an ƙara doka ta huɗu wadda kowa ke kira da sunana: fursuna ruwa kawai ake ba shi. An kuma hana mutumina da na Isuhu haɗuwa a wuri ɗaya, wai muna ɓata wa mutane makirci.

Abin da na koya shi ne, ka rubuta dalilin da ka ga dama ka jefa a gwangwani, mutane tukunyarka za su duba. In kuma mai dosiye ya zarge ka da ƙaramin laifi, ka amsa da sauri ka ba da haƙuri, kada ka ce ya karanto hujja.

Wani abu kuma da ba wanda ya tambaye ni a ranar: ni ina son kuɓewa, ina sonta ƙwarai. Yanzu in marmarinta ya kama ni sai in tafi Alibandeng wajen Mama in ci a kicin. Kuma duk ranar da Yaya ya same ni a kan kwanon, sai ya tsaya ya tambaye ni da fuskar gaske ko an gyara injin jirgin.